Gubar dalma a madafa: Tsakanin tukunyar kakanni da tukunyar zubi

Ana saura kwana biyu sunan ɗan da ƙanwata ta haifa, gidanmu da ke Alabar ya cika da mata, kowace da aikin da aka ɗora mata. Goggo, wadda ita ce babba a gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, ta sa yara suka shiga ɗakin ajiya suka fito da tukwanen biki domin a wanke. Daga cikinsu akwai wasu tukwanen baƙin ƙarfe guda biyu masu ƙafa uku, waɗanda aka kai kakarmu ɗakin miji da su. Babbar ba ta taɓa barin gidan ba. Ƙaramar kuwa ta yi shekaru ba a gan ta ba, sai bara aka dawo da ita tare da tarkacen wani kawunmu da ya rasu, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran batirin mota.

Ina zaune a ƙofar ɗaki ina shirin tafiya gidan rediyo sai na ga yarinyar da ke wankin ta gaji da gurzar gindin ƙaramar tukunyar. Akwai wani abu ruwan toka da ya manne daga ciki, ya ƙi fita. Na karɓa na kankara da wuƙa, sai ya ɗan yi ƙyalli, kuma na ji yana da laushi, ba irin taurin tsatsa ba. Nan take na tuna muna yara mukan tsaya a bakin shagon kawu muna kallon yadda yake narka dalma a kan kurfoti yana zuba ta a kawunan batiri. A cikin wannan tukunya yake narka ta.

Na roƙi Goggo a ajiye ta gefe. Ranta bai so ba, domin a cewarta a ciki ta ƙudura za a soya naman suna don neman albarkar mai ita, kuma wuta da ruwan zafi ba abin da ba sa kashewa. Wannan gardama ta cikin gida ita ce ta sa na shiga bincike, kuma abin da na gano ya wuce tukunya ɗaya, ya shafi kusan kowace madafa a Zangon Kumasi.

Suna ɗaya, ƙarfe biyu

Abu na farko da ke rikita mu shi ne sunan. A bakin Bahaushe, dalma ita ce ƙarfen nan mai nauyi da laushi da ake samu a batirin mota da harsashi da ƙullutun da masunta ke ɗaura wa taru. Amma kuma farar tukunyar zubi da ake dafa wake da shinkafa a cikinta, wasu tukunyar dalma suke ce mata, alhali da alminiyon ake yin ta. Waɗannan ƙarafa biyu ba dangin juna ba ne. Alminiyon ba shi da nauyi, kuma sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Dalma kuwa a digiri 327 take narkewa, wato garwashin da mai ƙosai ke hurawa ya ishe ta.

Ita dalma ta gaskiya guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta a jinin mutum, komai ƙanƙantarsa, da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Idan ta shiga, takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta kawo ƙarancin jini, ta lalata ƙoda, a manya kuma ta haddasa hawan jini. Takan kwanta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, idan mace ta sami juna biyu sai ta sake fitowa cikin jini ta isa ga abin da ke cikinta. Babban abin tsoro shi ne sau da yawa ba ta nuna alama. Yaro yana wasa yana cin abinci, sai dai a ga ya kasa riƙe hadda a makarantar allo, ko malamin boko ya riƙa kawo ƙararsa, iyaye kuma su ɗora laifin a kan ƙiriniya.

Laifin ba na baƙin ƙarfe ba ne

Irin tukwanen kakarmu tsofaffin kaya ne. Tun a 1707 wani Bature mai suna Abraham Darby ya sami lasisin zuba tukwanen ƙarfe a cikin yashi a Ingila, abin da ya sa suka yi araha, daga baya kuma jiragen ruwa suka yi ta kawo irinsu gaɓar tekun Afirka ta Yamma, fatake suka shigo da su cikin ƙasa. Asantawa suna kiran irin wannan tukunya dadesen, ma'ana tukunyar ƙarfe, kuma sunan ya bi farar tukunyar zubi da ta gaje ta har zuwa yau.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, shi baƙin ƙarfen zubi ba a haɗa shi da dalma. Sai zafi ya kusa digiri 1,200 yake narkewa, kuma ƙarafan biyu ba sa gauraya, kamar dai ruwa da mai. Saboda haka tsohuwar tukunyar da tun fitowarta abinci kawai aka sani a cikinta, ba abar tsoro ba ce. Hasali ma tana da amfani. Wani bincike da aka yi a garin Mekele na ƙasar Habasha, aka buga shi a 1999, ya nuna cewa yaran da ake dafa wa abinci a tukunyar baƙin ƙarfe jininsu ya fi ƙaruwa a kan na waɗanda ake dafa wa a ta alminiyon, domin ɗan sinadarin ƙarfen da ke shiga miya yana ƙara jini. Ashe tsohuwar zuma da ita ake magani.

Matsalar tana zuwa ne daga inda tukunyar ta yi yawo. Saboda tana jure wuta, duk mai son narka dalma ita yake nema: mai gyaran batiri, mai like lagireto, mai zuba ƙullutun taru, maharbi mai bindigar toka da ke yin harsashinsa da kansa. Cikin tukunyar kuma ba sumul yake ba, yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai. Narkakkiyar dalma da dattinta sukan shiga nan su maƙale, idan aka koma girki sai baƙin maiƙo ya rufe su. Sabulu ba ya fitar da ita, tafasa ruwa ba ya kashe ta, domin ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce. A duk lokacin da aka dafa abu mai tsami, kamar tumatir ko tsamiya ko lemon tsami, sai ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan tana bin abinci.

Yadda ake gwadawa

Hanyoyin gwaji uku ne na samu labarinsu. Ta farko ita ce ta gida. Wani ɗan tsinke ne mai auduga a kai, kamar na goge kunne, wanda aka jiƙa da wani sinadari. Ana ɗan ɗiga masa ruwan kal, wato binega, ko abin da takardarsa ta ce, sannan a goga shi a cikin tukunyar na kimanin rabin minti. Idan akwai dalma a wurin sai audugar ta koma ja ko ruwan hoda. Wani ɗan'uwanmu da ya zo suna daga Amurka yana da irinsa, da shi muka gwada tukwanen biyu a gaban Goggo bayan mun kankare maiƙon har ƙarfe ya bayyana. A babbar, audugar ba ta sauya ba. A ƙaramar kuwa, kafin a ƙirga goma ta yi jawur. Goggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi salati ta ce a fitar mata da ita daga madafa.

Sai dai mai karatu ya lura, wannan tsinke don gwajin fentin bango aka fara yin sa, ba don tukunya ba. Kamfanin 3M da ke yin wanda ya fi suna, mai suna LeadCheck, ya daina yin sa a 2023, waɗanda ake sayarwa a intanet kuma ingancinsu ya bambanta. Launin tsatsa yakan rikita mai dubawa, maiƙo kuma yakan ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙa'idar ita ce: idan ya yi ja, a daina girki da tukunyar; idan bai yi ja ba, wannan ba takardar shaida ba ce, musamman ga tukunyar da ba a san tarihinta ba.

Hanya ta biyu wata na'ura ce da ake riƙewa a hannu, ana kiranta XRF. Ana ɗora bakinta a jikin tukunya, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta nuna irin ƙarafan da ke ciki da yawansu. Tana da tsada ƙwarai, sai hukumomi da jami'o'i da ƙungiyoyi ke da ita. Hanya ta uku, wadda ta fi nuna gaskiya, ita ce ta ɗakin gwaji: a zuba ruwa mai ɗan tsami a tukunyar, a tafasa na sa'o'i biyu kamar ana dafa miya, sannan a auna dalmar da ta fita ta shiga ruwan. Wannan shi ke faɗin abin da ke shiga cikin mutum.

Kyan ɗan maciji

Da na kai wannan batu shirinmu na safe a rediyo, mata da yawa sun bugo suna cewa su kam sun huta, domin tuni suka rabu da baƙar tukunya suka koma fara. A nan ne gizo ke saƙa. Idan aka ƙirga, tsofaffin tukwanen baƙin ƙarfe da suka rage a Alabar da Aboabo da Asawase da Sabon Zango ba su da yawa. Amma farar tukunyar zubi tana kowane gida, tana gaban kowace mai tuwon zafi, mai koko, mai wake da shinkafa, tana makarantun kwana, tana gidan biki da gidan rasuwa.

Wannan sana'a ta zubin alminiyon ba ta daɗe kamar ƙirar baƙi ba. Masaniyar tarihi Emily Osborn ta Jami'ar Chicago, wadda ta bi diddiginta, ta nuna cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ta bazu a Afirka ta Yamma, daga ubangida zuwa yaronsa, daga gari zuwa gari. A nan Kumasi ana yin ta a Suame Magazine da wasu unguwanni. Ana danna tsohuwar tukunya a cikin damammen yashi a fitar da surarta, a narka alminiyon a zuba, ya huce a fasa yashin, a goge. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa, kuma ta ba talaka tukunya mai ƙarko da araha.

Abin tambaya shi ne, daga ina alminiyon ɗin yake fitowa? Daga hannun 'yan kondem, masu zagaya unguwa da kura suna sayen tsohon ƙarfe, suna kai shi wurare irin su Akwatia Line da Dagomba Line. A cikin tarin akwai gwangwanayen lemo da guntayen kwanon rufi, amma akwai kuma kan inji, fistin, lagireto mai likin dalma, kayan cikin kwamfuta da rediyo. Idan aka watsa su duka a tukunyar narki ɗaya, dalmar da ke jikinsu ba ta da wurin zuwa sai cikin sabuwar tukunya. Ga ta fara tas tana ƙyalli, amma ido ba zai iya bambance mai guba da marar guba ba.

Ba zato ba ne. A 2014 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da ke Amurka suka buga sakamakon gwajin tukwanen zubi da suka saya a kasuwannin Kamaru, inda suka tarar dalma na fita daga cikinsu idan an tafasa ruwa mai tsami. A 2017 suka faɗaɗa aikin, suka gwada kaya 42 daga ƙasashe goma, 15 daga ciki suka fitar da dalmar da za a iya aunawa a cikin abin da mutum zai ci a zama ɗaya, wata tukunya daga ƙasar Biyetnam ma ta fitar da maikurogiram fiye da 1,400. Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, amma a sha'anin dalma wannan adadi ya yi muni ƙwarai. A 2023 kuma ƙungiyar Pure Earth ta fitar da rahoton kayan da ta saya a kasuwannin ƙasashe 25, har da Ghana, inda kimanin rabin kayan girki na ƙarfe suka wuce iyakar da aka gindaya. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2025 kan wasu tukwanen alminiyon da na tagulla da ake shigarwa daga waje.

A gida Ghana, Hukumar Lafiya ta ƙasa tare da UNICEF da Pure Earth sun auna jinin yara fiye da 3,000 'yan ƙasa da shekara shida, aka bayyana sakamakon a 2023. Fiye da rabinsu an same su da dalma maikurogiram 5 ko fiye a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, wato matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tashi a nemo inda gubar ke fitowa. An ƙiyasta cewa yara miliyan 1.7 ne abin ya shafa a faɗin ƙasar. Da aka bi wasu gidajen, abubuwan da aka samu da dalma sun haɗa da tukwanen ƙarfe, da ƙasa da ƙurar wuraren da ake fasa batiri, da kuma kwallin da iyayenmu mata ke ranɓaɗa wa jarirai, wanda da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa.

Darasin Zamfara

Idan mai karatu bai manta ba, a 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a Nijeriya, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Dalili shi ne dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, wani lokaci da turmi da injin da ake sarrafa hatsi. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Abin da ke cikin tukunya bai kai na Zamfara ƙarfi ba, ba ya kashewa farat ɗaya. Amma tushen ɗaya ne: kayan sana'a sun haɗu da kayan abinci. Kuma mu a Zango gidajenmu su ne shagunanmu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin yi

Ga mai tsohuwar tukunyar baƙin ƙarfe, tambayar farko ita ce tarihinta. Idan tun daga kaka zuwa jika a madafa take, a ci gaba da amfani da ita. Idan an tsinto ta a wurin 'yan kondem, ko ta taɓa zama a gareji ko shagon maƙeri, ko an ga wani abu ruwan toka mai laushi a cikinta, a raba ta da abinci. Kada a sa yaro gurzar ta, kada kuma a ƙona ta da nufin tsarkakewa, domin ƙurar da hayaƙin sun fi cutarwa. Kada a sayar da ita da kyanta, don gobe wata baiwar Allah za ta saya ta dafa wa 'ya'yanta. A huda gindinta tukuna.

Ga masu farar tukunyar zubi, ba a ce kowa ya zubar da tasa yau ba, domin ba kowace ke da guba ba, kuma ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. Amma a rage dafa abu mai tsami a cikinta, kamar miyar tumatir da zoɓo da kunun tsamiya, kuma kada a bar abinci ya kwana a ciki, a juye shi da zarar ya dahu. Wadda cikinta ya zaizaye ya yi ramuka a yi ritayarta. Idan hali ya samu, a ware wa jarirai da masu juna biyu ƙaramar tukunya ta farin ƙarfe marar tsatsa. A ba yara abinci mai ƙara jini da ƙarfin ƙashi, irin su wake da ganye da ƙananan kifi da nono, domin jikin da ya rasa waɗannan ya fi saurin tsotsar dalma. Wanda kuma yake zargin ɗansa ya daɗe yana cin abinci daga tukunya mai guba, ya je asibiti ya gaya wa likita ƙarara cewa gwajin dalma a jini yake nema. Maganin fitar da ita aikin likita ne, ba na mai tallar magani a mota ba.

Su kuma masu zubi, ba abokan gabarmu ba ne, 'yan'uwanmu ne, kuma su ne suka fara shaƙar hayaƙin kafin kowa. Gyaran yana hannunsu: a tsince ƙarfe kafin a narka, a ware kayan inji da lagireto da duk abin da ke da liki domin yin wasu abubuwan da ba na abinci ba. Amma ba za su iya su kaɗai ba, tunda ido ba ya ganin dalma a cikin alminiyon. Muna da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, mai ofishi a nan Kumasi, muna da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a bayan gidanmu, wadda tun a shekarun 1980 take aiki da maƙeran Suame. Da za a riƙa kawo na'urar gwaji bakin kasuwa da wuraren zubi lokaci-lokaci, a sa wa tukunyar da ta tsallake hatimi, da mai saye ya san abin da yake saye, mai zubi na gari kuma ya ci ribar gaskiyarsa. Sarakunan Zango da limamai da magajiyoyin kasuwa suna da bakin da za su nemi haka. An taɓa ganin fetur mai dalma kamar ba za a rabu da shi ba, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina shi a 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021.

Ranar suna, a babbar tukunyar kaka aka soya nama, kuma Goggo da kanta ta tsaya a kai. Ƙaramar kuwa na kai ta wurin mai walda ya huda mata gindi, yanzu tana bakin ƙofar ɗakin Goggo da fure a cikinta. Jaririn ma ba a sa masa kwalli ba, duk da cewa wannan sai da aka kai ruwa rana. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya kare mu daga abin da ido ba ya gani, amin.